Mun Buɗe Injin Gwaggo

Zuwa ga Yayana Haruna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka. Na kusa rubuta ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, sai hannuna ya tsaya. Na san babu direban da zai kai maka wannan takarda, na san ba za ka karanta ta ba. Ko kana raye ma da ƙyar ka karɓa, sai ka ce in faɗa maka da baki, hannunka da maiƙo. To ga shi dai na rubuta, don maganar ta cika mini ciki, kuma babu wanda zan faɗa wa ita a gidan nan ban sa shi kuka ba.

Yaya, mun buɗe injin Gwaggo. Na ce bari in fara da wannan, don ka san ni da kewaye-kewaye. Injin tifarka da ka ɗaure da hannunka, an sauke shi, an warware shi noti bayan noti a kan buhunan siminti a garejin Garba. Yadda aka yi aka kai ga haka, da abin da na tarar, shi zan gaya maka. Amma tukuna ga labarin gida.

Inna tana nan da ƙarfinta daidai gwargwado. Idon ne ya ƙara dushewa, yanzu sai ka yi magana take gane ka. Kunnen kuwa, tabɗi, ko kaza ce ta ture buta a zaure sai ta tambayi wane ne. Matarka Yaya Rabi ba ta koma gidansu a Dagumawa ba bayan ta fita takaba, ta ce a ɗakinta za ta riƙe 'ya'yanta. Tana matsar man gyaɗa, ranar Juma'a a kai mata kasuwa. Sadiya ta kusa gama sakandare, wai aikin jinya take so ta karanta, ban tambaye ta dalili ba don na sani. Abba ya kamo ni a tsawo, tafiyarka yake yi sak, har ɗan karkata kafaɗar nan. Gonar Utai ta ba da gero bana, dawa ce ta ba mu kunya. Kogi yana nan yana ba da yashi, ta wajen jami'a kuwa ɗakunan ɗalibai ake ta ginawa ba ƙaƙƙautawa.

Da aka zauna rabon gado, malamai suka fitar wa kowa haƙƙinsa, sai aka ga in an sayar da Gwaggo an raba, kafin shekara ta zagayo ba wanda zai iya nuna abin da ya samu. Aka yarda a bar ta tana aiki, ni in ja ta. Ka ga ke nan ba tawa ba ce. Ta marayunka ce da Inna da Yaya Rabi, ni ɗan riƙo ne mai cin ladan tuƙi. Tukunyar gidanka da tawa duka a kanta suke. Ranar da ba ta sauka kogi ba, kowa yana ganin haka a kwanonsa.

Ka tuna wanda ya raɗa mata suna? Kai ne, ranar da na tayar da ita na ba ta wuta nan take don muna sauri. Ka finciko ni daga kan kujera, ka ce motar nan ta girme ni, da mutum ce gwaggona ce, kuma ba a aiken gwaggo sai an durƙusa an gaishe ta. Kullum in an idar da sallar asuba sai ka tayar da ita ka bar ta a silo, ba a taka mata wuta ba, tana gunaguni, kana zagaya ta da kofin shayi, kana jiran allurar agogon mai ta tashi ta tsaya inda kake so. Ka ce mai ya kwana a kaskon ƙasan inji, sai ya hau ya gaisa da kowane ƙarfe, ya tambayi kwana da gajiya da iyali, sannan a yi maganar aiki. 'Yan lodi suna yi maka tsiya wai gaisuwarka da mota ta fi ta surukai tsawo. Motoci nawa aka canja a bakin kogin nan tun lokacin, Gwaggo tana nan?

Sababbin tifofi sun cika hanyar Kano yanzu, manya-manya masu taya goma, ga gudu ga ɗaukar kaya, ban raina musu ba. Sai dai in ɗaya ta yi fushi, ba mai taɓa ta sai an kira mai kwamfuta daga birni. Kai kuwa abin da kake yabo a Gwaggo shi ne waɗanda suka ƙera ta ba su yi rowar ƙarfe ba. Fistin shida a jere, inji mara gaggawar juyawa, famfon gas ɗinsa ƙarfe zalla babu waya ko ɗaya. Abin da ke cinyewa a ciki, ringi da metal da rigar ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinta, duk an yi su ne don a zare a sa sabo. Ka sha gaya mini cewa injin gas ba tsufa ke kashe shi ba, sakaci ne.

Maganar baƙin mai kuwa, a nan ne ba ka da wasa. Ba ka sayen na awo da ake ɗiba daga buɗaɗɗen duro a bakin titi, ko mai sayarwar abokinka ne, ka ce ba ka san abin da duron ya ci jiya ba. Ba ka zuba mata man ƙananan motocin fetur, don gas yana yin kunkunniya, sai man da aka yi don ya riƙe ta. Na taɓa zuwa da murnata na ce maka na ga wani mai da ake wata guda da shi yana nan ja garau. Ka harare ni ka ce man da ya shiga injin gas bai yi baƙi ba malalaci ne, ya bar dattin a jikin ƙarfe. Lokacin zafi mai lamba arba'in kake zuba mata. In sanyi ya shigo ka koma mai lamba biyun nan, sha biyar da arba'in, wanda ba ya daskarewa da safe. Ba ka juye sai da sabuwar filta. Tsohon man kuwa na matan unguwa ne, a shafa wa azara saboda gara, har yau suna aikowa. Akwai kuma wadda ka fi nanatawa, cewa mai kauri bakin inji kawai yake rufewa, ba ya warkar da shi. Wannan na san ta sarai, ita ce kuma na take.

Gyaran ƙarshe da ka yi mata, ina Utai muna yankan gero. Ka sauke injin a ƙofar gida, ka ɗauki karanshaf, babban ƙarfen nan mai gwiwoyi da ke juyawa a ƙasan inji, ka kai Kano wurin masu yankan ƙarfe. Daga nan mota ta zauna. Mako ya wuce, wani ya bi, kai kullum kana hanyar Kano wai kana neman metal, ɓawon ƙarfen nan da karanshaf ke juyawa a kansa. Na dawo na tarar da ita ba inji, awaki na kwana a ƙarƙashinta, ga masu gini suna ta neman yashi. Na yi ta mita. Na ce wane irin metal ne wannan da ake nema kamar ba a duniya aka ƙera shi ba? Kai kuwa sai dai ka gyara ɗamararka ka ci gaba da wanke notuna a cikin gas.

Ɗamarar nan. Yau zan faɗi sunan abin, tunda kunyar da ta hana mu faɗa ba ta amfane mu da komai ba. Ƙaba ce. Shekaru kana ɗaure ta da tsohon rawani a ƙarƙashin riga, kana hawa mota kana sauka, kana ɗaga abin da mutum biyu ke ɗagawa. Likita ya ce aiki ne ƙarami, a yi shi tun ba ta yi gardama ba. Ka ce kai ba mai tsaga ka. Ka ce in ka kwanta wa zai ja mota, ka ce bayan kaka, ka ce bayan sallah. Muka bi ka da jiƙe-jiƙe da sassaƙe, duk ƙauyen da aka ce akwai mai magani sai in hau babur. In ta lafa kwana biyu sai mu ce an dace. Ranar da ta murɗe a bakin kogi, 'yan lodi ne suka kwantar da kai a kan yashi. Kafin mu kai ka asibiti a Kano hanjin ya riga ya lalace. Ba ka daɗe da ɗaure injin nan ba.

Shi ya sa injin ya zame mini wani abu dabam. Kowane noti a jikinsa hannunka ne ya ɗaure shi. Har ɗan tsumman da ka naɗe wani bututu da shi ban cire ba. Inna kuma, ka san ɗakinta bango ɗaya ne da inda Gwaggo ke kwana, kullum in na tayar da asuba sai ta dakata da lazimi ta saurara. Ta taɓa ce mini in ta ji gunagunin nan sai ta ji kamar kana waje da kofin shayinka. Wa zai ji wannan daga bakin uwarsa ya kira bakanike da sifana?

Amma aikin yashi ba ya raga wa inji. Damina ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta, sai na fara lura. In ta ɗauki jiƙaƙƙen yashi tana hawowa daga gaɓa da rana tsaka, allurar mai sai ta sunkuya. Salansa ta fara fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi. Man da ke kai mu juye zuwa juye ya koma sai na yi ciko a tsakani. Na san abin da wannan ke nufi, ai kai ka koyar da ni. Sai na je na sayo mai lamba hamsin, wanda ya fi kauri. Allura ta miƙe, hayaƙi ya ragu, na ce alhamdulillahi. Da hamsin ɗin ya fara gazawa na ƙara mata abin nan mai yauƙi da ake sayarwa a ɗan gwangwani, daga ɗaya na koma biyu. A teburin mai shayi na bakin gada har wani direba ya ba ni shawarar in gauraya da man giyar mota, kuma wallahi sai da na yi tunanin abin. Har daɗin kaina nake ji, wai na iya lallaɓa tsohuwa.

Garba bakanike, abokin musunka, shi ya fara tare ni. Ya kafa dogon sukundireba a jikin inji ya sa kunne yadda kuke yi, ya ɗago ya ce in na kawo ta yanzu abin ringi da metal ne, kwana kaɗan ta tashi. In na bari metal ya cinye ya kai ga karanshaf, to irin nata ya yi wuya a kasuwa. In kuwa ta buga a hanya da lodi, sai dai a sayar wa masu awon ƙarfe. Na ce masa na ji. Ya ce ba ji ya tambaye ni ba, rana ya tambaya. Na ce bayan sallah. Ka ji fa, Yaya, bayan sallah. Maganarka ce ta fito daga bakina ban ma lura ba.

Yaya Rabi ba ta yi mini magana kai tsaye ba, ka san kawaicinta. Sai dai ta gaya wa matata cewa ɗigon man da take gani a inda mota ke kwana ya fi na da faɗi, kuma hayaƙin safe yana shigar mata ɗaki da wani wari da ba ta sani ba. Iyakar abin da ta ce ke nan. Mace da marayu a gabanta, abincinsu yana ɗiga a ƙasa tana kallo, ba ta ce mini ci kanka ba. Na ji kunya, amma kunyar ba ta kai ni gareji ba. Yashi na ɗebo na rufe wurin.

Sai sanyi ya shigo. Man da na cika wa kauri ya riƙa kwana yana zama kamar kunun da ya huce. In na tayar da asuba, kafin ya iya hawa sama sai ka ji ƙarfe na cin ƙarfe, ƙaf-ƙaf-ƙaf, allura a kwance, ni kuma ina zaune ina salati har ta ɗaga. Wata safiya ina cikin haka Inna ta buga bango da sandarta. Na kashe mota na shiga na durƙusa. Ba ta ja gaisuwa yadda ta saba ba, ta tambaye ni me nake ba motar nan take wannan nishi. Na fara bayani, na ce ina lallaɓawa ne don kada a taɓa aikin Yaya, tunda na san tana jin daɗin muryar. Ta ce in rufe mata baki. Ta ce ta daɗe da daina jin ka a cikin ƙarar nan. Abin da take ji yanzu kowace asuba shi ne nishin da ka riƙa yi in ƙabar ta taso, kana danne shi don kada ta ji, ita kuma tana ji tana shiru don kada ka ji kunya. Ta ce sau ɗaya ta zauna tana saurare ana ɗura jiƙo ga abin da ke buƙatar wuƙa, ba za ta zauna na biyu ba. In don ita nake yi, ta sauke mini. In kuma don kaina nake yi, in ji tsoron Allah a kan abincin marayu.

Don kaina nake yi, Yaya. Inna ta gano ni. Kuma tunda an zo nan, bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na daɗe ina jin haushinka. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka, Allah Ya yafe mini in na yi saɓo. Amma kai fa, kai da ba ka barin filta ta wuce ranarta, kai da za ka fasa sawu don ka ji wata 'yar ƙara da ba wanda ya ji, yaya aka yi ka ɗaure cikinka da tsumma shekara da shekaru? Mota ta fi 'ya'yanka ne? Ko tsoro ne ka kasa gaya mini? Haba Yaya, da ka ce tsoro kake ji ai da na raka ka, in zauna a ƙofar ɗakin har a fito da kai. Ranar da aka yi maka sutura aka ce iyali su shigo su yi maka addu'a su yafe maka, na shiga, na durƙusa, na ce na yafe. Bakina ne kawai ya faɗa.

A ranar da Inna ta yi magana na kai Gwaggo garejin Garba, a hankali, ba lodi. Ban iya sa hannu a notin farko ba, shi ya kwance. Da aka sauke kaskon ƙasa, abin da ya fito ba mai ba ne, wani baƙin ƙullu ne, ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Garba ya shafo a yatsa ya nuna mini kawai, da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Metal ya cinye har jan ƙarfen ciki ya bayyana. Karanshaf kuma ya sami zane, kana sa farce kana jin sa. Kai ka fi ni sanin cewa sau kaɗan ƙarfen nan yake karɓar yanka a rayuwarsa, kowane yanka yana rage masa jiki, in ya kai iyaka shi ke nan. Garba ya ce in akwai sauran nama a jikinsa za a yanke a sa metal daidai da shi. In an riga an cinye a gyare-gyaren baya, to Gwaggo ta gama, kuma mota mai shekarunta kada in sa rai da yawa. Ranar na wuce ta ƙofar ɗakin Yaya Rabi ban iya ɗaga kai ba.

Na naɗe karanshaf ɗin a buhu na kai Kano, wurin dattijon nan mai tabarau da kake kai wa aiki. Ya ɗora a kan injinsa ya bi gwiwoyin ɗaya-ɗaya yana aunawa. Sai ya ga ɗige-ɗigen da ka saba bugawa da ƙusa a gefen ƙarfe, ya tambaye ni ko ni ne ƙanen Haruna na Wudil. Na ce ni ne, na gaya masa ka rasu. Ya cire tabarau ya yi maka addu'a, sannan ya ba ni labarin da ba ka ba ni ba. Ya ce wancan zuwan, yanka na ƙarshe ya so ya yi maka gaba ɗaya, don tsofaffin motocin duk can suka kai, metal ɗin wannan awon ne ya cika kasuwa, da a ranar ka koma gida ka ɗaura. Ka ƙi. Ka ce ya ɗebe kaɗan iya abin da ya zama dole, kai za ka nemo metal ɗin da ya dace ko ina zai kai ka. Ya ce maka wahala za ka sha. Ka ce ka sani, amma ƙanenka ne zai ja motar nan bayanka, bayansa kuma akwai ɗanka, ba za ka cinye musu ƙarfe don ka huta ba.

Bayanka, Yaya. Haka ka ce masa. Ashe makonnin nan da nake mita wai ka zaunar da mota, kana yawo rumfa-rumfa a kasuwar kayan gyara da cikinka a ɗaure, ni kake nemar wa. Ashe ka san za a sake buɗe injin, har ka shirya wa ranar, ni kuma ina nan ina gadin notunanka ina kashe shi. Ashe kuma ka san jikinka ba zai kai ka nesa ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Na tsaya a gaban mutumin nan da furfurata ina share hawaye da hannun riga.

Dattijon ya ce yanka biyu ka bari. Da na zo da wuri gogewa kawai zai yi, ba sai an taɓa ko ɗaya ba, amma yanzu zanen ya shiga, dole a ci ɗaya. Sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce zaɓin da ya ba ka shi zai ba ni: ya zarce zuwa na ƙarshe in sami metal a rumfar farko in koma gida yau, ko ya tsaya a na tsakiya in shiga nema. Na tuna tukunya biyu da ke jirana, na tuna kwanakin da mota ta riga ta yi a zaune. Na ce ya tsaya a na tsakiya. Da na dawo na aika wa Yaya Rabi bayani, don abincin 'ya'yanta ne zai ƙara jinkiri. Ta aiko cewa man gyaɗa zai riƙe mu, in je in nema. Na yi yawon da ka yi, ƙafafuna har suka kumbura. Wani mai rumfa ma ya tuna ka, ya ce ya san irin nacin nan, na gidanku ne. A ƙarshe a wurin wani tsoho can ƙuryar kasuwa na same shi, kwalin ya yi ƙura.

Jiya aka gama ɗaurawa. Garba ya miƙo mini sifana ya ce notin ƙarshe nawa ne. Na zuba mata mai lamba biyu tunda sanyi bai tafi ba, daga rufaffen galan, da sabuwar filta. Garba ya ce rabin lodi zan riƙa yi mata tukuna, in kuma juye man farko da wuri, na ce wannan karon ba sai ya tambaye ni rana ba. Yau da asuba na tayar da ita a ƙofar gida, allura ta tashi tun ban rufe baki daga bisimilla ba. Muryar ba irin taka ba ce, ba zan yi maka ƙarya ba, akwai wani ɗan kaifi a ciki, hannun Garba da nawa. Na zagaya ta da kofin shayi ina jiran bugun bango. Ba a buga ba. Da na shiga gaida Inna ta ce wannan ba Haruna ba ne, amma mai lafiya ne, in tashi in nemo wa yara abinci. Yaya Rabi kuwa ɗumame ta aiko mini, man gyaɗa har yana kwance a kai.

Na daɗe ina tambayar yaya mutumin da ya yi wa ƙarfe tanadin shekaru ya kasa ba kansa 'yan kwanaki a gadon asibiti. Yanzu na daina tambaya, don na ɗanɗana. Na san yadda mutum yake sanin gaskiya sarai, ya san magani, ya san hanyar wurin, sannan ya buɗe baki ya ce bayan sallah. Tsoro ka ji, Yaya, irin wanda ya hana ni taɓa notin farko. Ni na sami Inna ta buga mini bango. Kai kuwa duk mun ji nishinka, ba wanda ya buga.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wancan da na faɗa a gaban likkafaninka bakina ne, yau kuwa ni ne nake faɗa. Na yafe maka, Yaya, duniya da lahira. Da ana jin amsa daga inda kake, da na roƙi ka yafe mini mitar da na yi maka kana nemo mini metal. Yanka ɗaya ya rage a jikin ƙarfen, na Abba ne, ba zan taɓa masa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Sai mun zo.

Ƙanenka mai riƙon Gwaggo kafin Abba ya karɓa,
Sabi'u